Audacity ko Reaper: wanne ya fi ajiye sauti daidai kan lokacinsa?

Ɗan'uwa, ka ce kana da gutsattsarin sauti kusan 20, kowanne da lokacin da aka rubuta masa, kamar ƙarar rufe ƙofa a minti 1 da daƙiƙa 12.350, kuma duk jan da ka yi da linzami sai ya zame. Kana son sanin wacce manhajar gyaran sauti ce za ta raba ka da wannan wahala, Audacity ko Reaper.

Da farko dai ka daina ɗora wa hannunka laifi. Idan kana kallon aikin minti 10 gaba ɗaya a allo, ɗan motsin linzami kaɗan ya isa ya kai sautin gaba da rabin daƙiƙa. Maganin shi ne rubuta lokacin da lambobi, kuma duka biyun suna ba da dama, sai dai kowacce da hanyarta.

A Audacity, wurin kake nunawa, sannan sauti ya zo ya same shi. Ka kwafi guntun, ka je akwatin lokaci da ke ƙasan allo, ka sa shi ya nuna har kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ka rubuta lokacin, sai ka danna Ctrl+V. Akwai kuma Align Tracks a ƙarƙashin Tracks, amma a kula, layin da ake jera sauti a kai (track) gaba ɗaya yake turawa da duk abin da ke kansa. Don haka sai in kowane sauti yana da layinsa zai yi maka amfani. Guntu uku ko huɗu, babu damuwa. Idan sun kai 20 kuma aka ce a gyara lokutan, za ka gaji.

A Reaper kuwa, shi guntun ne ke riƙe da adireshinsa. Ka zaɓe shi, ka danna F2, ka rubuta lokacin a gurbin Position, shi ke nan, maƙwabtansa ba su motsa ba. Gobe in an canja magana, lambar kawai za ka sauya.

Amma abin da ya fi jan ni gare ta wani ne daban. Sau da yawa sautin da kake so ba a bakin fayil yake farawa ba. Ƙofar nan tana da ɗan kukan ƙarfe kafin ta buga, alhali bugun ne ya kamata ya faɗa kan 12.350. A kusurwar ƙasa ta hagu na kowane guntu Reaper tana da wata 'yar alama da za ka ja ka tsayar kan bugun, sai ta zama ita ce ke mannewa da lokacin da ka yi wa shaida a aikin. A Audacity dole ka auna tazarar ka cire ta daga lissafi, ko ka yanke gaban, ka rasa kukan da ke sa ƙofar ta zama ƙofa.

Ni dai ga aikinka Reaper zan ɗauka, ko da yake sabo da ita na ɗaukar 'yan kwanaki.

Kowacce ka zaɓa, ka nemi a ba ka fayilolin a WAV. MP3 kan ƙara ɗan shiru a farko, ga shi kuma daidaito kake nema. In kuma aikin na bidiyo ne mai hoto 25 a daƙiƙa, kowane hoto kashi 40 ne cikin dubu na daƙiƙa, to 12.350 ya faɗa cikin tsakiyar hoto ke nan. Ka tambayi mai bidiyon ko 12.320 yake so ko 12.360 tun kafin ka fara jerawa.