Shagon dattijon da ya taimaka mini na tada Fijon Baba

Fijo 504 ta mahaifinmu ta yi shekara 11 a ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Mabera, cikin garin Sakkwato. Tun da Allah Ya yi masa rasuwa babu wanda ya murza mata makulli. Tayoyi suka sace suka tsattsage, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, rana ta cinye farin fentin har ya koma ruwan toka. 'Yan gwangwan sun zo taya ta ya fi sau 5, ni kuwa duk lokacin da na leƙa ciki na ga inda hannun Baba ya goge sitiyari sai in ji ba zan iya bari a sa mata guduma ba. Bara, bayan Babbar Sallah, na ƙudurta zan tada ta a nan tsakar gida, ni da wani bakanike da ke zuwa mini ranar Asabar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shagon da na sayi kusan duk kayan gyaran. Mutane da yawa sun tambaye ni inda na samo su, to ga bayanin, daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagon yana cikin layin masu kayan gyaran mota a cikin gari, ɗan ƙarami ne, ba shi da allon suna na kirki. Mai shi dattijo ne da ya haura 70, ya ce mini ya fara ne da yaron mota a zamanin da Fijo wagon ke jigilar mutane tsakanin Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi da Illela. Gaban shagon kayan Toyota ne da Honda, don su ke kawo abincin yau. Kayan Fijo suna can ciki, cikin tsofaffin gwangwanayen madara da kwalayen da ƙura ta rufe, kuma shi kaɗai ya san inda kowane noti yake.

Ranar farko da tsohuwar kafireta na je, a naɗe cikin tsumma. Ya karɓa, ya juya ta, ya karanta sunan Solex a jikinta, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wagga mota ta wa ta?"

"Ta mahaifina ce, Baba. Ya rasu."

"Allah Shi jiƙan shi. To kak ka sai sabuwa. Wagga da ka riƙa ta ɗara duk wadda zan sai maka."

Ya sayar mini da 'yar ledar gaskit da allurar mai kawai, ya ce in jiƙa kafiretar a fetur kwana biyu in busa ƙofofinta da iska. Da ya so, da ya tura mini wata sabuwa ta China da ke rataye a bayansa ya ci riba mai kauri, ni kuma ban san komai ba a lokacin. Wannan ne ya sa na ci gaba da komawa wurinsa.

Motar tamu haɗin Kaduna ce. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a 1975. An daɗe da daina yin ta a Turai amma a Najeriya aka ci gaba har cikin shekarun 2000. Wannan daɗewar ce rufin asirin mai gyara ta yau, domin kayanta sun bazu ko'ina, kuma injinta mai lita 2 ɗan gida ɗaya ne da na wasu 505, abubuwa da yawa suna shiga juna. Sai dai daɗewar ta jawo jabu ma ya cika kasuwa. Kwali mai hoton zaki ba ya nufin komai yanzu.

A nan dattijon ya fi burge ni. Kayansa kashi uku ne, kuma kafin ka tambaya zai faɗa maka wanne ne a hannunka. Akwai tsohon ajiya na asali wanda ba a taɓa ɗaurawa ba, shi ya fi tsada kuma ya yi ƙaranci. Akwai Beljiyam, wato wanda aka ciro daga wata motar. Akwai sabon yi na kasuwa, wanda yake cewa "shina aiki, amma ba ni rantsuwa kai nai." Fulogi da fanbel da tiyon lagireto ya ce in sayi sabon yi, ba komai. Famfon ruwa da kik da distiributa ya ce Beljiyam mai kyau ya fi. Gaskit na kan injin kuwa ya ce ko zan jira wata guda in jira na asali.

Ban jira ba. Na ƙosa in ji kukan injin, sai na je wani shago daban na sayo gaskit mai araha, a kwali mai sheƙi. Muka ɗaura, injin ya tashi, na yi murna har na kira yayata a waya ta saurara. Kwana 4 aka yi, na zaro sandar duba baƙin mai na ga ya koma kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya haɗu da mai. Na koma wurin dattijon jiki a sanyaye. Bai ce mini "ai na gaya maka" ba. Tambaya ɗaya ya yi: da muka cire kan injin, mun juya injin ko ba mu juya ba? Na ce mun juya, don mu goge kan fistin.

Sai ya jawo wani tsohon hannun silinda daga ƙarƙashin benci ya ɗora a gwiwarsa. Ya nuna mini cewa a injin 504 ba a jikin bulok aka huda silinda ba, hannaye ne guda 4 da ake zurawa, ruwa yana zagaye su, kuma kan injin ne ke danne su. In ka cire kan ka juya injin ba tare da ka danne hannayen da noti da washa ba, fistin zai ɗaga su, abin da ya toshe ƙasansu ya motsa, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Ya sa babban yatsansa a gindin ƙarfen, daidai inda tsatsa ta yi zobe, ya ce, "Nan ɓarnar take, ka gani?" Bakanikena yaro ne mai hankali, amma a kan motocin zamani ya koyi aiki, bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya kuma gargaɗe mu cewa kan injin alminiyom ne, in ya sha zafi yana lanƙwasa, don haka a kai shi a duba shafinsa kafin a mayar. Wannan bayani na minti 10 kyauta ya yi mana shi, a tsaye, ana kiran sallar Azahar.

Gaskit na asali ya iso bayan mako 3. Abin da ba shi da shi yana sa ɗansa ya ɗauki hoto ya tura wa abokan hulɗarsa ta WhatsApp, wasu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wasu a Panteka ta Kaduna, wasu a Ƙonni ta Nijar, tsallaken Illela. Kayan kan biyo direbobin haya ya aika a karɓo a tasha. Fitilun gaba guda biyu, masu siffar nan da ake gane 504 da ita tun daga nesa, ta Ƙonni suka zo, gilashinsu garau.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Alƙawarin lokaci ba shi da ƙarfi a shagon. In ya ce jibi, ka sa a ranka mako guda ne, wani lokaci biyu. Murfin fitilar baya da na biya kuɗinsa sai da na yi sawu 4, da ya zo kuma na wagon ne, ba na salun ba, aka sake mayarwa. Ba ya bayar da rasit, komai a ka yake riƙewa, kuma ko da yake bai taɓa cin mini ko sisi ba, na fi son a rubuta. Sannan kayan roba na tsohon ajiya ka yi hattara da su. Zafin Sakkwato, wanda a watan Afrilu kan haura digiri 40, ba ya barin roba ko a cikin kwali take. Robobin birki da na saya masu tambarin asali, ina matsa ɗaya da yatsa ta tsage. Ya karɓa ya canza mini da sabon yi ba gardama, amma da ban matsa ba da a kan titi zan gane. Birki ba wurin gwaji ba ne, duk wanda zai saya ya lanƙwasa kowace roba a gaban mai shago ya duba.

Farashi ba araha ba ne. Gaskit ɗinsa ya kusa ninka wanda na fara saye sau 3, kuma ba ya son dogon ciniki, in ya faɗi kuɗi abin da zai rage kaɗan ne. Ana iya biya ta tiransifa a asusun ɗansa. In za ka je, je da safe kafin rana ta take, ka riƙe tsohon abin da ka ciro a hannunka, don da ido yake aunawa, ba ya aiki da suna ko lamba.

Wata 7 muka yi. Ranar da muka fito da ita na ɗauki mahaifiyarmu a gidan gaba muka nufi Bodinga, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba har muka je muka dawo. Ba ta ce komai ba a hanya, hannunta dai yana kan dashbod. A dawowa na biya ta shagon. Dattijon ya fito, ya ce in buɗe bonet, ya kara kunne ya saurari injin, ya ɗan murɗa sukurun kafireta da tsinin wuƙarsa har karkarwar ta kwanta.

Saura robar gilashin gaba, wadda har yanzu ke shigar da ƙura, da tambarin zaki na hanci da yara suka ɓalle tun tuni. Ya ce ya sa a nemo mini a Ƙonni. Ya ce jibi.