Tafiyar Gembu da masu shirya yawo na Kano: ta ci kuɗinta, sai dai motar

Akwai wasu matasa da suka buɗe ɗan ofis a wajen Zoo Road, suna shirya wa mutane tafiye-tafiyen buɗe ido a cikin Najeriya. Tafiyarsu ta Gembu na bi, can saman tsaunin Mambilla a jihar Taraba, wadda suke tallatawa da kallon taurari da tarihin kan iyaka. Tun da na dawo 'yan uwa da malaman makarantarmu ke tambayata ko ta ci kuɗinta. Ta ci. Amma akwai inda dole su gyara, kuma duk wanda zai cire kuɗinsa ya kamata ya ji duka biyun.

Abin da ya fara sa na yarda da su shi ne yadda suka tsayar da rana. Watan Musulunci suka duba, suka sa tafiyar ta faɗa ƙarshensa, lokacin da wata ba ya fitowa sai gab da asuba. Kuma suka zaɓi bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya yi kauri. Shugabansu ya ce mini, "Malam, in muka kai ku ranar sha huɗu ga wata, farin wata za ku kalla ku dawo." Wannan magana ta wanda ya san aikinsa ce. A Mambilla damina doguwa ce, gajimare na iya rufe sama dare bayan dare, saboda haka zaɓen lokaci shi ne rabin tafiyar.

Motar kuwa, a nan suka gaza. Bas ce da ta sha jiki, an cika mu, an kuma cusa jakunkuna a ƙarƙashin ƙafafunmu. An ce a hallara bayan sallar asuba, ba mu bar Kano ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda jiran mutum biyu. Ta Gombe muka bi, muka ratsa Numan, muka kwana a Jalingo. Washegari muka kama hanyar Bali da Serti har Mayo Selbe, inda hawan dutse yake farawa. Hawan nan ba wasa ba ne: lanƙwasa bayan lanƙwasa, dutse a gefe guda, rami mai zurfi a ɗaya gefen. Motarmu ta yi zafi a tsakiyar hawa, muka tsaya ana zuba mata ruwa, wata Hajiya da ke kusa da ni tana ta jan salati. Direban dattijo ne mai natsuwa, ya san hanyar, ba ya gudu, kuma ya ƙi yarda a yi tafiyar dare. Shi na yaba masa. Amma kamfanin da ya karɓi kuɗin mutane zai haura da su tsaunin da ya kai wajen mita 1,600, bai kamata ya yi arahar mota ba.

Da muka haura Maisamari sai ƙasa ta sake kama. Tuddai ne shimfiɗe da ciyawa iyakar ganinka, garken shanu a ko'ina, ga layukan bishiyar turare. A Nguroje kowa ya lalubo rigar sanyinsa. Masaukin da suka kama mana a Gembu ba na alfarma ba ne, amma tsaf yake, akwai bargo mai kauri, kuma ana kawo ruwan zafi kafin asuba ba sai ka roƙa ba. Bakano da zai yi alwala a sanyin Gembu ya san darajar wannan. Abinci dai sama-sama: shinkafa da miya kusan kullum. Abin da ya cece mu shi ne ayaba da fiya masu araha a kasuwa, da shayin da ake nomawa nan Kakara, inda suka kai mu muka ga gonar da idonmu.

Mafi kyawun abin da suka yi shi ne ɗauko ɗan gari ya yi mana jagora. Tsohon malamin firamare ne, yana jin Mambilanci da Fillanci da Hausa, kowa Baffa yake ce masa. Ni ina koyar da tarihi, amma sai da na zaro biro. Ya faɗa mana yadda yankin ya kasance ƙarƙashin Jamusawa a cikin ƙasar Kamaru, har suka sha kaye a 1916 lokacin yaƙin duniya na farko, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Ɓangaren nan ya faɗo hannun Ingila. A 1959 aka tambayi mutanen arewacin Kamarun Ingila makomarsu, suka zaɓi a ɗage maganar. Aka sake ƙuri'a a watan Fabrairun 1961, a nan suka zaɓi Najeriya, 'yan kudu kuma suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo Najeriya, aka raɗa masa suna lardin Sardauna, don Sir Ahmadu Bello da ya yi ta faɗi-tashi a kan maganar. Har gobe ƙaramar hukumar da Gembu ke hedikwatarta Sardauna ake kiranta. Baffa ya nuna mana tuddan gabas, ya ce bayansu Kamaru ce, kuma akwai danginsa a can, ana auratayya ana cin kasuwa tare. Mu a Kano mun saba ɗaukar iyakar Najeriya kamar abin da aka haife mu muka tarar. A Gembu akwai tsofaffin da suka girmi zamansu 'yan Najeriya.

Sai maganar dare. Bayan isha'i suka fitar da mu bayan gari, kan wani tudu, suka roƙi kowa ya kashe fitilar wayarsa, suka ce a ba ido kamar minti ashirin ya saba da duhu. Da gaskiyarsu. Kaza da 'ya'yanta, wadda a unguwarmu ta Gwammaja sai ka ƙura ido kafin ka tsinkayo ta saboda ƙura da fitilu, a nan ɗaya bayan ɗaya kake ƙirga 'ya'yan. Zara ta fito a yamma da haske har kana zaton fitila ce a kan tudu. Ga wani farin ziri da ya ratsa sama, wanda matashin da ke riƙe da madubin hangen nesa ya bayyana mana cewa taurari ne birjik da nisa ya haɗe haskensu. Da ya saita madubin a kan Mushtari, wato duniyar da Turawa ke kira Jupiter, muka ga ƙananan watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya fara hangowa a 1610. Wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari da ya yi ta ƙorafi tun daga Wudil, da ya ɗago daga madubin tasbihi kawai yake yi.

Ƙorafina a nan ɗaya ne: madubi guda ga motar mutane. Layi ya yi tsawo, sanyi na cizo, mata da yara da dama suka haƙura suka koma mota kafin a zo kansu. Ko ƙananan madubai na hannu guda biyu da sun rage jiran, kuma da an fara da yara da iyayensu mata.

Wanda zai bi su, kafin ya biya ya tambayi nawa ga wata za a kwana a Gembu, ya kuma nemi ganin motar da idonsa. A tafi da rigar sanyi ta gaske da safa da hular sanyi, da tsabar kuɗi a hannu, don layin waya yana ɗaukewa a hanya. Mai ciwon baya ko tsohon da ba ya jure doguwar zama, tafiyar za ta ba shi wuya sosai. Na faɗa wa shugabansu cewa ina so in kawo ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe su saurari Baffa, amma ba zan sa 'ya'yan mutane a waccan bas ɗin ba. Ya ce suna neman wata.