Hular ƙarfen da aka sa min a turmi: ranar liƙawa ce ta ɓata komai

Masu tambayata ko su je wannan asibitin haƙori mai zaman kansa da ke gefen unguwarmu a sa musu hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, ga amsata a rubuce don kada in yi ta maimaitawa. Ba zan kama suna ba, 'yan Kano da muke bi ta wannan titin sun gane wurin, kuɗinsu ma kowa ya san ba na wasa ba ne.

Turmina na ƙasa ta hagu ne kogo ya ci har ya kai jijiya. Aka kashe jijiyar aka cike, sannan aka ce min abin da ya rage na haƙorin ba zai jure tauna ba, wata rana zai tsage, gara a rufe shi. Na zaɓi ƙarfe zalla maimakon mai launin haƙori, tunda can ƙurya yake ba mai gani, ga shi ba sai an fere haƙorin da yawa ba, kuma ya fi ƙarko. Wannan ba irin haƙorin Makka ba ne da iyayenmu ke dawowa da shi don ado, na aiki ne. Har sun tambaye ni ko igiyar agogo ta ƙarfe tana sa min ƙaiƙayi, saboda wasu jikinsu ba ya karɓar nikel, suka ce nasu haɗin kobalt da kromiyam ne. Wannan tambayar ta sa na saki jiki da su.

Ferewa da ɗaukar awo duk lafiya lau. Mai ƙirar ma, wani dattijo mai haƙuri, ya nuna min kwafin bakina na filasta, ya ce da kaki ake fara siffanta hular, a lulluɓe ta, a ƙone kakin ya fita, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Dabarar da maƙeran tagulla na Binin suka daɗe suna amfani da ita ke nan, wani likita a Amurka mai suna William Taggart ya yaɗa ta a aikin haƙori a 1907. Da na ga hular an goge ta tana sheƙi, wallahi na yi murna.

To, ranar liƙawa. Layi ya cika, babbar likitar ba ta nan, wani matashin likita ne a kan kujera. Ya cire hular wucin gadi, ya ɗora sabuwar, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Baba, ya ka ji?" Bakina a buɗe, auduga cunkushe a kumatu, me zan ji? Kafin in yi wani yunƙuri an kwaɓa siminti, an cika hular, an danna, an ce in cije auduga. Ya ɗan kankare gefe da ƙarfensa, ya kira na gaba. Da na tofar da audugar na haɗa haƙora, sai na ji wannan hular ce kaɗai ke taɓa na sama, sauran duk suna rataye. Nan take na ce, "Likita, abin nan ya yi tudu." Ya ce, "Baba, baƙo ne a bakinka, kwana biyu za ka saba."

Ban saba ba. Kun san yadda mutum ke ji in ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa, to haka kowace loma ta koma min. Tuwo ma da miyar kuka sai na karkata kai na tura shi dama. Nama kuwa na haƙura da shi, balle gyaɗa ko kilishi. Da asuba in tashi muƙamuƙi ya riƙe, ciwo yana hawa har gefen kunne, haƙorin sama da hular ke duka shi ma ya fara tsami. Abin da ya fi damuna shi ne dasashi: ya kumbura ta bayan hular, ina sa buroshi sai jini, ga wani ɗan wari da nake ji in na yi sakace. Ni mutum ne mai tsayuwa gaban ɗalibai yana magana tun safe, sai ga ni ina kare baki da hannu. Na kira lambarsu, wadda ta ɗauka ta ce in sha maganin ciwo in kuskure da ruwan gishiri. Mutum ya biya kuɗin da na biya a ce masa ruwan gishiri!

Da na koma na dage sai babbar likitar, kuma Allah ya sa tana nan. Baiwar Allah ba ta yi musu da ni ba. Ta ɗauko wata siririyar takarda shuɗiya ta sa tsakanin haƙorana, ta ce in cije, in goga hagu da dama. Ta miƙo min madubi: ga tabo shuɗi ƙato a kan hular, sauran haƙoran ko alama babu. Ta ce haƙori yana gane tudun da bai kai kaurin gashin kai ba, don haka ba raki nake yi ba. Ta sa injin mai feshin ruwa ta rage wurin kaɗan, ta sake sa takarda, ta sake ragewa, a hankali har tabon ya bazu daidai a kan sauran turamen. Sannan ta bi da ƙananan tayoyin roba ta goge inda ta taɓa, don ƙarfe mai kaushi yana cinye haƙorin da ke gogarsa. Da na rufe baki na ji haƙorana sun haɗu gaba ɗaya, sai da na yi hamdala a fili.

Aka ɗauki hoto, sai ga dalilin kumburin: busasshen siminti maƙale a ƙarƙashin dasashi, tsakanin hular da haƙorin baya. Ta sa ƙugiya ta ɓamɓaro shi, ɗan ɓarɓashi fari-fari da jini a jikinsa, ta ajiye min a kan auduga na gani. Ta ƙulla zaren sakace ta ja ta tsakani, wani guntun ya sake fitowa. Na tambaye ta yadda ya kamata a yi tun farko, ba ta ɓoye ba. Ta ce kafin a taɓa siminti ana gwada hula a bushe: a ga zare yana wucewa tsakaninta da maƙwabtanta da ɗan tirjiya, a bi bakinta da tsinken ƙarfe a tabbatar ta zauna ba rata, a duba cizo da takardar nan, a gyara, a goge. Bayan liƙawa kuma a share duk abin da ya tumbatso. A cikin waɗannan ba wanda aka yi min yadda ya kamata.

Na fito ina sa mata albarka, har na ƙudurta zan rubuta yabo kawai. Sai a wurin biyan kuɗi aka miƙo min takarda: kuɗin hoto da kuɗin ganin likita. Na ce gyaran ɓarnar da aka yi a nan ne fa. Yarinyar ta ce, "Baba, yi haƙuri, haka tsarin yake." Na biya, amma raina ya sake ɓaci fiye da da. Ba wanda ya ce min an yi kuskure, matashin nan ya wuce ni a baranda ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Kuma maganar ba ta ƙare ba. Ciwo ya tafi, dasashi ya sace, ina tauna ta hagu. Amma ta gaban hular akwai 'yar rata, zare yana faɗawa ba tirjiya, duk naman da na ci sai zarensa ya cusa a wurin. Likitar ta ce da an gano ranar gwaji, da an mayar wa mai ƙira ya gyara. Yanzu da aka liƙe, maganinsa sai a yanke hular a sake sabuwa, da na tambaya wa zai biya sai aka ce in ga manaja. Ga shi ƙarfen saman hular an rage masa kauri tun bai yi aikin komai ba.

Don haka in za ku je, ku nemi ranar da babbar likitar take, kuma kada ku yarda a kwaɓa siminti sai an cire auduga kun rufe baki kun ji da kanku, kun ga takardar shuɗiya da zare. Ni dai turmin dama da shi ma aka ce yana son hula, wani wurin zan kai shi, manajan kuma har yanzu ina jiran kiransa.