Disneyland Paris ko Abu Dhabi: ina za a kai ƙananan yara a dogon hutu?

Hajiya, kin ce ke da maigida kuna son fita da yara biyu a hutun Agusta, mace mai shekara 6 da ƙaninta mai shekara 3, kuma kun rasa wanda za ku ɗauka tsakanin Disneyland na Paris da wuraren wasan Dubai da Abu Dhabi. Da ni ce, Abu Dhabi zan kai su bana, in ajiye Paris sai ɗan autan ya ƙara tsawo. Bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa ki auna da kanki.

Agusta a Paris shi ne tsakiyar kakar cunkoso. Makarantun Faransa suna hutu daga farkon Yuli har ƙarshen Agusta, maƙwabtansu ma haka, kuma babu wurin wasa a Turai da ya kai Disneyland na Paris karɓar baƙi. A Daular Larabawa kuwa akasin haka ne. Lokacin tururuwarsu Disamba da Janairu ne, sa'ad da gari ya yi sanyi. A Agusta zafi kan haura digiri 40, kuma ba irin busasshen zafinmu na Afrilu ba ne, mai danshin teku ne, kina fita riga ta manne miki a jiki. Shi ya sa baƙi ke raguwa, kuɗin otal ya sauka.

To ai za ki ce wa zai kai yaro cikin wannan zafi? Amsar tana tsibirin Yas na Abu Dhabi. Warner Bros. World, wanda aka buɗe a 2018, gaba ɗayansa a cikin gini yake da na'urar sanyi, har sararin samaniyar da kike gani a sama zana shi aka yi. SeaWorld na 2023 ma a rufe yake, kuma yaro mai shekara 3 zai iya share rabin yini yana manna fuska a gilashi yana kallon kifaye, ba tare da ya hau komai ba. Ferrari World na nan kusa, amma manyan abubuwan hawansa na matasa ne, kada ki ɓata kuɗin tikiti a kansa. A Dubai akwai IMG Worlds of Adventure, shi ma a rufe. Wanda nake jin takaicinsa shi ne Legoland Dubai: don 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina shi, ya dace da yaranki sosai, sai dai yawancinsa a fili yake, don haka ba na Agusta ba ne.

Abin da ya fi damuna da Paris shi ne layi. Babba yana iya tsayuwar awa guda yana danna waya, ɗan shekara 3 ba zai iya ba. Akwai wani jirgin ruwa mai shawagi da yara ke so, Peter Pan's Flight, hawansa kusan minti 3 ne, amma a ranar cunkoso layinsa kan kai awa. A minti goma na farko yaro yana tsalle, daga nan ya ce a ɗauke shi, ana dab da isowa ya ce fitsari, ga keken tura shi an sa kin ajiye a waje. Akwai hanyar tsallake layi da suke kira Premier Access, amma biya ake yi a kan kowane mutum, ku huɗu kuwa kuɗin ba wasa ba ne. Masu kwana a otal ɗin Disney suna shiga kafin a buɗe wa kowa, wannan yana taimakawa, sai dai a Agusta ɗakunan suke tsada. A Yas ma ana layi, musamman Asabar da Lahadi, domin tun 2022 su ne ranakun hutun mako a can, kuma a wuraren wasan ne mazauna garin suke fakewa daga zafi. Ki je tsakanin Litinin da Alhamis.

Kafin ki biya ko sisi, ki ɗauko tef ɗin tela ki tsayar da kowane yaro a jikin bango ki auna shi. A waɗannan wurare tsawo ake dubawa a bakin kowane abin hawa mai gudu, kuma ma'aikacin ba ya jin roƙo. A Paris, jirgin ƙasan Big Thunder Mountain yana neman santimita 102, Hyperspace Mountain 120. Yawancin 'yan shekara 3 ba su kai na farkon ba. Babu abin da ke karya zuciya kamar yaro ya ga yayarsa ta wuce, shi an tare shi a sanda. Suna da tsarin da uwa za ta tsaya da ƙaramin, in uban ya sauko ita ma ta hau ba tare da sabon layi ba, amma yaron dai bai hau ba, alhali an saya masa tikiti, tunda kyautar shiga ta 'yan ƙasa da shekara 3 ce. Yas ma akwai wannan ƙa'ida ta tsawo, ki duba ta a shafin kowane wuri.

Ba zan zalunci Paris ba. Abin da Disney ta iya, babu wanda ya kama ƙafarta: fadar nan mai ruwan hoda, faretin yamma, da wasan wuta na dare. Yarinya mai shekara 6 ba za ta manta ba. Zuwa wurin ma da sauƙi, jirgin ƙasa na RER A yana sauke ki a bakin ƙofa, tashar Marne-la-Vallée–Chessy, kimanin minti 40 daga tsakiyar birni. Amma a farkon Agusta rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, wasan wutar kuma sai lokacin rufewa ake yin sa, lokacin da ɗan autan ya daɗe da yin barci a kafaɗar babansa. Sannan ƙananan otal da yawa a Faransa ba su da na'urar sanyi, kuma su ma zafi kan afka musu, a Yulin 2019 Paris ta haura digiri 42.

Abinci da salla kuwa ba sai an daɗe ana magana ba. A Abu Dhabi akwai masallatai a cikin wuraren wasa da manyan kantuna, kuma kina saya wa yaro kaza ba tare da tambaya ba. A Paris sai kin riƙa bincike, ko ku tsaya a kifi da dankali.

Inda ka iya sauya lissafin nan shi ne biza. Ta Faransa ƙa'idarta a bayyane take: Yuro 90 ga babba, 45 ga mai shekara 6 zuwa 12, ƙasa da haka kyauta, da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya nema tun watanni 6 kafin tafiya. Matsalar ita ce samun ranar ganawa a wannan lokaci na shekara, kuma in an hana ba a mayar da kuɗin. Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a 2022, ta dawo da ita a Yulin 2024, sharuɗɗan kuma suna yawan sauyawa. Don Allah kada ki biya otal ko jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta shigo hannu, kuma ki tambayi ejan ɗinki sharuɗɗan wannan watan, kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki bara.

In kin tsaya a kan Yas, ki nemi otal a cikin tsibirin, da yawansu suna haɗa kuɗin ɗaki da tikitin shiga, ga motar bas kyauta tsakanin wuraren. Wuri ɗaya a yini ya isa. Ku shiga da safe, ku koma ɗaki bayan azahar yara su yi barci, ku riƙe musu rigar sanyi mara nauyi domin cikin ginin akwai sanyi. In kuma tafiyar ta ɗage zuwa Disamba, to ki sake lissafi: Legoland da sauran wuraren fili za su yi daɗi, amma kuɗin otal a makon ƙarshen shekara zai tashi sosai, sai an kama ɗaki da wuri.