Babban dish a Amurka: kayan a ɓagas, aikin da tsada

'Yan uwa masu sana'ar haɗa dish a gida, ina gaisuwa. Kun yi tambaya kan manyan dish ɗin nan masu raga da ake gani a bayan gidajen ƙauyukan Amurka. Yawancinsu ragowar shekarun 1980 ne, lokacin da mutum zai kafa mai ƙafa 10, wato mita 3, ya kalli tashoshi kyauta. A 1986 tashar talabijin ta HBO ta kulle siginarta, sauran suka bi sahu, sannan a 1994 kamfanin DirecTV ya fito da ƙaramin dish mai inci 18. Daga nan manyan suka koma tarkace. Yau a Facebook Marketplace da Craigslist sai ka ga an rubuta: kyauta, zo ka kwance da kanka. Masu sha'awa ne ke kwasa su gyara.

Bambancin gida da nan Amurka ke nan. A gida ƙarfe ne da kuɗi, mai ɗaurawa kuwa ana daidaitawa da shi, ga mai walda a bakin layi. A nan ƙarfen banza ne, amma wanda ya san aikin ya yi ƙaranci, in ka same shi kuma awa-awa yake caji. Ga batun izini. Dokar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, da ke kare mai kafa dish ta tsaya ne a mita 1, don haka ƙungiyar masu gidajen unguwa na iya hana ka kafa babba. Kafin ka haƙa rami kuma sai ka kira lamba 811, a zo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi. Wannan kam kyauta ne, kuma da muna da irinsa a gida da an huta da fasa bututun ruwa.

Kafin ka ɗauko dish, ka ja zare biyu daga baki zuwa baki su gitta juna a tsakiya. In sun ɗan taɓa juna, lafiyarsa ƙalau. In akwai tazara ko ɗaya ya danne ɗaya, ya murɗe, kuma murɗaɗɗen dish ba ya tara sigina wuri guda. Raga da ta lotsa ana miƙe ta da hannu. Notin da ya ci tsatsa a jiƙa shi da mai ya kwana, a musanya da wanda ba ya tsatsa. Fenti kada ya zama mai sheƙi, don zai tara zafin rana a kan LNB, na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina. A leƙa cikin murfin gaba, rina na son yin gida a wurin.

Turke shi ne rabin aikin. Galibi bututu ne mai kauri, faɗinsa inci 3.5, ana binne shi da kankare. A jihohin sanyi irin su Minnesota ramin sai ya wuce inda ƙasa ke daskarewa, ƙafa 4 ko fiye, in ba haka ba ƙanƙara za ta ɗaga shi ya karkace. A walda guntun ƙarfe a gindinsa don kada iska ta juya shi cikin kankaren. A auna tsayuwarsa ta kowane ɓangare da ma'aunin ruwa irin na magina. Turken da ya kauce da digiri 1, za ka kama tauraro ɗaya ka rasa saura.

Sai wurin zaman LNB. Ka ninka faɗin dish da kansa, ka raba da zurfinsa sau 16. Mai faɗin santimita 300 da zurfin 50, amsar 112.5 ce, nisan bakin LNB daga tsakiyar dish ke nan. Tsohon LNB kuwa a jefar. Tun da aka yi gwanjon zangon 3.7 zuwa 3.98 GHz ga kamfanonin 5G, tashoshin C-band, wato zangon da manyan dish ke kamawa, suka matsa zuwa 4.0 zuwa 4.2, kuma LNB ɗin da ba shi da matatar 5G hotonsa daskarewa zai riƙa yi. A risiba, wurin lambar LNB, a sa 5150. Na Ku, zangon ƙananan dish, a nan yawanci 10750 ne, ba 9750 da 10600 da muka saba ba.

Saitin ne ke cin rai, domin a nan ba a ɗaure dish wuri ɗaya kamar yadda muke yi wa tauraron Nilesat. Jak, wato hannun lantarki mai wuta volt 36, ne ke tura shi daga gabas zuwa yamma, yana bin layin taurari. Sandar da dish ke juyawa a kanta ana jingina ta daidai da latitud ɗin garin, wato digirin nisansa daga ikwaita, sannan a ɗan sunkuyar da fuskar dish: kusan digiri 6 a latitud 40, alhali a Kano digiri 2 da ɗoriya ya isa. A fuskanci kudu na gaskiya, ba na kamfas ba, don a Maine ko jihar Washington bambancin na kai wajen digiri 15. Ka fara kama tauraron da ya fi kusa da kudunka, ka cika siginarsa, sannan ka tafi ƙarshen gabas da ƙarshen yamma. A kowane gefe ka ɗan danna leɓen dish sama da ƙasa kana kallon ingancin sigina. In gefe ɗaya na son sama, ɗaya na son ƙasa, kan ne za a murɗa a bisa turke, kaɗan-kaɗan, da alamar alli. In duka biyun hanya ɗaya suke so, sunkuyon ne bai yi daidai ba. Taurarin nan digiri 2 ne tsakaninsu, kamar 97, 99 da 101 na yamma, shi ya sa ƙaramin dish ke kwaso na maƙwabta.

In jak ya riƙa ɓatar da wuri, ɗan makunnin da ke ƙirga juyinsa ne ya mutu, ko ruwa ya shiga ya daskare. Ramukan tsiyayar ruwansa su kalli ƙasa, a sa giris sau ɗaya a shekara.

C-band ba ya ɗaukewa da ruwan sama kamar yadda Ku ke mana a watan Agusta, amma dusar ƙanƙara in ta taru sai an share da tsintsiya. Masu tambayar tashoshin gida kuma, ku yi haƙuri: hasken Nilesat ba ya isowa nan, tauraron Badr kuwa yana can ƙarƙashin sararin da ake iya hange, komai girman dish.