Na kalli Retrograde: aikin kyamara ya kai aiki, amma akwai magana

Retrograde dokumentari ne, wato fim na gaskiya ba wasan kwaikwayo ba, Matthew Heineman ne ya yi shi National Geographic ta fitar a ƙarshen 2022, kuma abin da ya bi shi ne wata tara na ƙarshe na yaƙin Amurka a Afganistan, yaƙin da aka soma ran 7 ga Oktoba 2001 aka kwashe shekara 20 ana gwabzawa. Tsawonsa wajen awa ɗaya da rabi ne. Bari in faɗi matsayata tun yanzu kar in ja ku da nisa: ta fannin ɗaukar hoto da wuya ka samu na biyunsa a finafinan yaƙi, amma ba zan iya yaba shi da zuciya ɗaya ba, kuma abin da ya sa ya yi kyau ɗin shi ne dai ya jawo masa abin da ya jawo.

Wanda ya saba da irin dokumentarin da za a zaunar da wani tsohon janar a kujera ana masa tambayoyi, wata murya kuma tana ta bayani daga sama ana nuna taswira, toh wannan ba haka yake ba. Ba mai ba da labari, ba masu sharhi. Kyamara ce kawai take bin mutane inda suka shiga, cikin helikwafta, cikin ɗakin da ake ba da umarnin yaƙi, wajen waɗanda aka jikkata, sai ɗan rubutu jefi-jefi da zai gaya maka wata kaza ne a wuri kaza. Shi Heineman haka salonsa yake dama, wanda ya ga aikinsa na 2015 kan masu safarar ƙwaya a Meziko ya san mutumin baya tsayawa nesa, shi da kansa yake saɓa kyamara ya kutsa.

An buɗe da filin jirgin Kabul a Agustan 2021, cunkoso, kuka, harbi sama, sannan aka dawo da kai baya zuwa Janairu, sansanin Shorab a lardin Helmand, inda wata 'yar tawagar sojojin ƙundumbala na Amurka masu koren hula suke horar da sojojin Afganistan suna taya su tsara yaƙi. Wannan kashin na farko shi ne ya fi min rauni gaskiya, don kusan irin abin da aka saba gani ne, sojoji ana raha ana kiran juna ɗan'uwa. Amma yana da amfani, domin sai ka ga wannan zumuncin sannan za ka ji nauyin abin da ya biyo baya.

Ran 14 ga Afrilu Biden ya fito ya ce a tattara a dawo gida. Daga nan fim ɗin ya tashi tsaye. Wurin da ba zan manta ba shi ne inda ake kwashe sansanin, wallahi kamar wasa, soja ya ɗauki guduma yana farfasa kwamfutoci, ana ƙona takardu da taswirori, sai kuma aka zuba harsasai a rami aka banka musu wuta wai don kar su faɗa hannun abokan gaba. Kai da kake kallo ka san mutanen da za a bari a wurin gobe harsashin nan za su nema ido rufe, kuma haka ɗin aka yi. Ba wanda ya fito ya ce maka ga darasi, an nuna maka wutar, can gaba an nuna maka kwamandoji suna kukan kayan yaƙi sun ƙare, kai ka haɗa da kanka. Irin wannan haɗa hoton shi ake kira iya aiki. Haka zaman da Amurkawan suka yi da abokan aikinsu suna faɗa musu cewa fa tafiya ta zo, kyamarar bata tsaya kan mai maganar ba, sai ta koma kan fuskokin masu sauraro ta daɗe a wurin, ba wanda ya yi ihu ba wanda ya yi zagi, kowa dai ya yi tsuru, kana gani ka san lissafi suke a zuci na matansu da 'ya'yansu.

Bayan Amurkawa sun ɗaga sai fim ɗin ya koma kan mutum ɗaya, Janar Sami Sadat, kwamandan runduna ta 215 da ake kira Maiwand, mai sojoji kusan 15,000 a kudu maso yammacin ƙasar, matashi ne lokacin shekararsa 35 ko kusa da haka. Kuma a nan na fi jinjina wa masu aikin, don da ma Amurkawa suka je ɗauka, labarin ya kuɓuce musu a tsakiya, da wasu ne sai su bi sojojinsu su koma gida su yi fim ɗin "mun yi iya ƙoƙarinmu". Su kuwa suka koma wajen waɗanda aka yi wa sakiyar da ba ruwa. Za ka ga Sadat da waya a kunne dare da rana, yana ƙarfafa wa yaransa gwiwa a gabansu, in ya keɓe kuma ka ga mutum yana tsufa a gaban idonka cikin 'yan makonni. Ana rasa gunduma bayan gunduma, Taliban na matsowa Lashkar Gah babban birnin Helmand, shi kuma yana neman ɗauki daga Kabul shiru kake ji.

Toh amma ga inda rashin mai bayani ya cuci fim ɗin. In baka san labarin ba tun asali, zaka tashi da tunanin Biden ne kawai ya farka wata safiya ya ce a tafi. Alhali maganar ta faro tun ran 29 ga Fabrairu 2020 a Doha, lokacin Trump, inda wakilin Amurka Zalmay Khalilzad da Mullah Baradar na Taliban suka sa hannu a yarjejeniya ba tare da gwamnatin Afganistan tana kan teburin ba, aka yanka 1 ga Mayu 2021 a matsayin ranar fita, aka kuma matsa wa gwamnatin Kabul ta saki fursunonin Taliban 5,000. Biden ɗaga ranar ya yi, bai soke ba. Sannan rundunar da Amurka ta gina an gina ta ne a kan jirage da 'yan kwangila masu gyaran jiragen, da aka janye 'yan kwangilar sai helikwaftoci suka fara zama a ƙasa, sansanonin da ke nesa ba abinci ba harsashi ba mai kwashe masu rauni. Shi kansa Sadat ya rubuta wannan a New York Times bayan faɗuwar Kabul, ya ce cin amanarsu aka yi, ya kuma tuna wa duniya cewa sojojin Afganistan 66,000 ne suka mutu a yaƙin, a daina cewa sun ƙi yin faɗa. Amurka kuwa sojojinta da suka mutu sun ɗan haura 2,400. Wannan duk sai ka nemo da kanka.

Abu na biyu, fim ɗin ya so Sadat da yawa. Na gane dalili, shi ya buɗe musu ƙofa, shi ya ɗauke su a jirginsa, da wuya ka ci tuwon mutum ka zo kana ƙirga masa loma. Amma Lashkar Gah gari ne da mutane a ciki, a farkon Agusta shi Sadat ɗin ya ce mazauna su fice don za a yi ruwan wuta, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce a kwana ɗaya kacal an kashe fararen hula aƙalla 40 a garin. A fim ɗin kana ganin hari ta allon jirgi mara matuƙi, ɗan ɗigo ya yi motsi sai ƙura ta tashi, amma wanda ke ƙarƙashin ƙurar ba ka ji ta bakinsa ba. Talakan Helmand da ya shekara 20 jirage na yawo a kansa, me yake tunani, me ya sa wasu suka gaji da gwamnatin har suka gwammace ko wa zai zo ya zo? Babu. Maganar cin hanci da sojojin bogi, sunaye a takarda ana karɓar albashinsu alhali ba kowa a bakin daga, wadda ofishin binciken da Amurka ta kafa kan kuɗin Afganistan ya sha faɗa, ita ma ba a zauna a kanta ba. Su Taliban kuwa sai can ƙarshe ka gan su da kyau.

Kashin ƙarshe kam sai mai ƙarfin zuciya. Lashkar Gah ta faɗi, an kira Sadat Kabul, ran 15 ga Agusta shugaban ƙasa Ashraf Ghani ya tsere, kowa tasa ta fisshe shi, shi janar ɗin daga baya a Birtaniya ya tsinci kansa. Mun ga hotunan filin jirgin nan a labarai, mutane na bin jirgi da gudu, wasu sun maƙale sun faɗo daga sama, harin bam a ƙofar Abbey ta filin jirgin na ran 26 ga wata da ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan wajen 170, mutum sama da 120,000 da aka kwashe kafin jirgi na ƙarshe ya tashi ran 30. Amma labarai daga nesa suke ɗauka, taro kawai kake gani. Nan kuwa mutum ɗaya-ɗaya ake nuna maka, uba ya ɗaga takarda sama yana roƙo, soja yaro ƙarami an bar shi da zaɓen wa zai wuce wa zai koma, mace ta jingina da shingen waya ta ƙura ido ba ta ma kuka. Kiɗan da aka sa a wasu wuraren ya ɗan yi yawa a ganina, hoton ya isa ba sai an taya shi ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce ba zan yaba da zuciya ɗaya ba. Duk ƙarfin fim ɗin nan fuska ne, kusa-kusa, tar, ba a rufe ba. Kuma cikin fuskokin akwai na 'yan Afganistan masu tono nakiya da suke shiga gaban sojojin ƙundumbalar Amurka suna share musu hanya, mutanen da Taliban ta fi tsana kenan, kuma ba duka aka kwashe ba. Fim ya fito sama da shekara ɗaya bayan Taliban ta karɓi mulki, wato an san sarai wa ke riƙe da ƙasar. A watan Mayun 2024 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa an yanko wani ɓangare na fim ɗin ya yaɗu a TikTok a Afganistan, aka kama ɗaya daga cikin masu tono nakiyar, aka azabtar da shi, daga baya ya rasu sanadin raunukan. Rahoton ya ce akwai sojoji da tsofaffin sojojin Amurka da suka ce sun yi gargaɗi tun kafin a saki fim ɗin cewa a dusashe fuskokin. Su masu fim ɗin sun ce basu tuna an yi musu irin wannan gargaɗin takamaimai ba, kuma ai rundunar sojin Amurka ta duba fim ɗin ta amince kafin ya fita. National Geographic ta sauke shi daga manhajojin kallo, aka kuma janye lambar yabon aikin jarida ta Edward R. Murrow da aka ba shi, bayan ya riga ya ci lambar yabon talabijin ta Emmy har uku a 2023, Oscar ma ta leƙo ta koma don ya shiga jerin 15 na farko. A 2025 matar mamacin ta shigar da ƙara a Los Angeles.

Kotu ita zata ce wa ke da laifi a shari'ance, ni ba alƙali bane. Amma a matsayina na mai kallo, uzurin "ai sojoji sun duba" bai gamsar da ni ba ko kaɗan. Soja in ya duba fim sirrinsa yake dubawa, kar a nuna na'urarsa kar a nuna dabarunsa, ba lallai ya damu da wani bawan Allah da aka bari a ƙauye ba, ai fim ɗin da kansa abin da yake nuna mana kenan tun daga farko har ƙarshe. Kuma ko mutum ya yarda a ɗauke shi a Janairun 2021, lokacin akwai gwamnati akwai Amurkawa a gefensa, wannan yardar bata kai Disambar 2022 ba, duniyar da ya yarda a cikinta ta rushe. Na san abin da za a ce, in ka dusashe fuska ka kashe fim ɗin, kuma eh zai rage masa ƙarfi a wasu wurare. Toh ya rage mana. Sadat sananne ne ya fita, Amurkawa sun koma gida, waɗannan a bar fuskarsu. Na ƙasan da ba su da hanyar fita kuwa, yau akwai dabarar da ake sauya wa mutum fuska da kwamfuta motsin ido da baki su zauna yanda suke, an yi amfani da ita a wani dokumentari na 2020 don kare mutanen da ake farauta a Chechniya, wato kafin wannan ya fito. Sauke fim bayan an rasa rai ihu ne bayan hari.

In tambaya ake ko ya cancanci kallo, ga mai koyon ɗaukar dokumentari akwai karatu sosai a ciki, yanda ake haƙuri da kyamara a bar shiru ya yi magana, yanda ake sauya akalar labari in ya juya maka a fili. Ga mai son ya fahimci me ya sa gwamnatin Kabul ta rushe cikin kwanaki, wannan kaɗai ba zai ishe shi ba sai ya haɗa da karatu. Yara kam a'a, akwai jini da gawarwaki. Samunsa ta halastacciyar hanya ya yi wuya tunda aka sauke shi, kuma dan Allah in kun ci karo da guntayensa a TikTok ko Facebook, musamman inda ake nuna sojojin Afganistan da masu tono nakiyar nan, kar ku tura gaba, da yawansu har yanzu suna cikin ƙasar.