Kafin ka sayi na'urar neman ceto ta jirginka a Jidda

'Yan'uwanmu masu fita kamun kifi daga Ubhur, da masu sauke kaya a kasuwar Bangala, sukan tambaye ni abin da za su fara saya in kuɗi bai kai a sayi komai ba. Amsata ɗaya ce kullum: EPIRB, na'urar nan mai ruwan ɗorawa da ke aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam.

Wayar salula a bar zancenta, da gari ya ɓace maka sabis ya tafi. Wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya tana aiki, amma sai ka samu hannu da natsuwar danna lamba. Oba-oba mai arha irin ta masu gadi kuwa ba ta teku ba ce. Rediyon VHF na gaske, Icom ko Standard Horizon, ya kamata ya kasance a kowane jirgi saboda tasha ta 16 ta kiran ceto da jan maɓallin gaggawa, sai dai na hannu ƙarfinsa wat 5 ne ko 6, na girke 25, kuma muryarka ba ta wuce inda eriya ta kai.

EPIRB ba ta jiran kowa ya yi magana. Tana aika saƙo a kan zangon rediyo na megahaz 406 zuwa taurarin neman ceto na Cospas-Sarsat, saƙon ɗauke da lambar da ta bambanta jirginka da na kowa, ta kuma riƙa fitar da wani siginal a 121.5 wanda masu ceto ke bi idan sun matso. Batirinta zai yi aƙalla awa 48 yana kira. Wadda ake kafewa cikin akwati tana kuɓucewa da kanta kafin jirgi ya nutse mita 4, ta taso ta kama aiki ko da mutanen ciki sun ruɗe. A Fabrairun 2006 da jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, mutum fiye da dubu suka rasu, Allah ya jiƙansu, wata cibiyar ceto can Sikotlan ce ta tsinci kiran da na'urar jirgin ta aika. Ka zaɓi mai GPS a ciki, ita ke faɗin inda kake kai tsaye.

To amma ɗan'uwa, ka ji tsoron 'yar gwanjo. Da yawa daga jiragen da aka farfasa a Alang ta Indiya ko Gadani ta Pakistan ake kwaso su, a wanke, a goge. An taɓa kawo mini wata da sabuwar takardar kwanan wata a jiki, da muka ɓare sai ga ta asali a ƙasa, batirin ya daɗe da ƙarewa. Da ita mutane za su shiga Bahar Maliya! Ka shafa takardar da yatsa, ka duba ko akwai wata ƙarƙashinta. Ka karanta lambar nan mai haruffa da alƙaluma 15, ka tabbata an sake mata rajista da sunan jirginka. Lambar rediyon jirgi kuma, wato MMSI, ta jiragen Saudiyya da 403 take farawa, ta Sudan da 662. In tana ɗauke da lambar wani jirgi, mai shi za a yi ta nema alhali kai ne a ruwa. Makullin da ke sakinta shi ma duk shekara 2 ake canza shi. Tsohuwar da ba ta da 406 kuma ko kyauta kada ka karɓa, tun Fabrairun 2009 taurari suka daina sauraron irinta.

A gaban mai shago za ka gwada: ka danna maɓallin gwaji kaɗai, ka ga fitila ta ƙifta yadda littafinta ya ce, sannan ka riƙa maimaitawa duk wata. Kada ka kunna ta gaba ɗaya don ka gani. In ta tashi bisa kuskure, ka kashe ta, ka kira masu tsaron iyaka, wato Haras al-Hudud, a 994 nan take ka shaida musu.